Tiyata: Gidan Kallo Ne Ko Ɗakin Wuƙa?

Malam Edita, ina roƙonka ka sam mini ɗan fili a shafin nan namu na Hausa, in faɗi albarkacin bakina a kan gardamar da ta hana Ƙungiyar Hausa ta kwalejin nan sakat tun farkon zangon nan.

Ga wanda bai sani ba, ga asalin zancen. An gama gyaran babban ɗakin nan mai benci hawa-hawa, inda mu ke sauraron lacca da rana, mu yi wasan kwaikwayo da dare. An rubuta masa suna da Turanci bisa ƙofa, aka kuma ce kowace ƙungiyar harshe ta kawo nata sunan a rubuta a ƙarƙashi. Yarbawa sun kai nasu, Ibo sun kai nasu, Tibi ma sun kai. Mu kuwa mun zauna sau uku, kowane zama sai a tashi baram-baram. Waɗansu sun ce a rubuta "Ɗakin Tiyata" a huta, tun da ya ke theatre Bature ya rubuta, tiyata kuwa ba kome ba ce illa theatre ɗin nan da ta faɗo bakin Bahaushe. Ni ina cikin waɗanda suka ce ba su yarda ba, har an fara kirana Sarkin Gardama a ɗakin cin abinci. To, ba son gardama ba ne. Kalmar nan ta taɓa sarana, wanda maciji ya taɓa sara kuwa, ko baƙin tsumma ya gani sai ya yi tsalle.

Bara aka tura ni gwajin koyarwa a wata makarantar firamare, daura da unguwar Hausawa a wani babban gari na Kudu. Kusan rabin yaran 'ya'yan fatake ne, masu goro da masu shanu, iyayensu kuwa ba su karanta Turanci. Ran nan hedimasta ya kira ni ofis ya miƙo mini takarda, ya ce in juya ta zuwa Hausa a raba wa iyaye. Abin da ke ciki kaɗan ne: ranar Alhamis za a ɗebi 'yan aji biyar da na shida a kai su theatre, su ga wasan da ɗaliban jami'a suka shirya, kowane yaro ya zo da kuɗin mota, kowane uba ya sa hannu alamar ya yarda. Ina ɗokin nuna gwaninta, ban ko zauna ba. A tsaye na rubuta: "Ranar Alhamis za a kai yaranku tiyata. Kowane uba ya sa hannu a ƙasa, shaidar ya yarda." Maganar wasan kuwa na taƙaita ta har ta ɓace, don a ganina ai kalmar ta riga ta faɗi kome.

Kashegari, tun ba a buga ƙararrawa ba, bakin makaranta ya cika da manyan riguna. Har Sarkin Hausawa ya aiko da wakili. Wani dattijo ya riƙo takardar da hannu biyu, ya dube ni ya ce, "Malam, wace irin cuta ce wannan da ta kama yara arba'in rana ɗaya, har za a yanka su duka ran Alhamis?" Sai a sa'an nan idona ya buɗe. Ban da tiyatar da na rubuta, ga kuma maganar sa hannu, alhali kowa ya san a asibiti ba a shiga da mutum tiyata sai wani nasa ya sa hannu. Na yi bayani gumi yana zuba. Aka yi dariya, aka yi mini ba'a, aka watse. Da abin ya tsaya nan, da yanzu labarin ban dariya na ke ba ku.

Amma akwai wata yarinya 'yar aji shida, wadda ba ta wuce ta uku in an yi jarrabawa. Uwarta ta rasu a ɗakin tiyata wajen haihuwa, shekara guda kafin wannan, kakarta ke riƙonta. Da aka karanta wa tsohuwar takardata, a daren nan ta sa aka kai yarinyar wurin dangi a wani gari. Na tafi gidan har sau biyu ina ba da haƙuri, ina rantsuwa wasa kurum za a kalla. Tsohuwa ta ce, "Ɗan nan, ni ban yi boko ba, amma na san tiyata. Can na kai 'yata da ƙafarta, aka ba ni ita a makara." Har na gama kwanakina a makarantar nan, bencin yarinyar babu kowa.

Da na dawo kwaleji sai na tare a ɗakin littattafai, na ce sai na ga inda kalmar nan ta fito, da yadda aka yi gidan wasa da ɗakin wuƙa suka yi tarayya a suna ɗaya. Abin da na tono shi na ke so in shimfiɗa muku.

Da fari dai kalmar ba ta Ingilishi ba ce, su ma aro suka yi. Asalinta daga Girka ne, ƙasar da malamanmu na zaure suka sani da sunan Yunan. Girkawan dā suna da wata kalma, theasthai, ma'anarta duba, ko zuba ido, ko kallo. Sai suka ɗauki saiwarta suka liƙa mata wutsiya mai nuna wuri, ta zama theatron. Wannan ba baƙon abu ba ne gare mu, sai dai mu a gaba mu ke liƙawa: karanta ta haifi makaranta, ƙera ta haifi maƙera, rina ta haifi marina, hanga ta haifi mahanga. To, theatron a zahiri mahanga ce, watau wurin da mutum zai zauna ya yi kallo.

A lura da wannan da kyau, domin a nan gindin maganar ya ke. Sunan ba na 'yan wasa ba ne, ba kuma na wasan ba ne, na mazaunin 'yan kallo ne. A birnin Atina, a gangaren dutsen Akrofolis ta wajen kudu, a kan taru kowace shekara don bikin wani abin bautarsu da su ke kira Diyonisus. An ce wajen shekara ta 534 kafin haihuwar Annabi Isa wani mutum mai suna Tesfis ya ci gasar wasa a bikin nan. Jama'a su kan zauna a jikin gangaren, sahu bisa sahu, don kada kan wani ya tare wa wani. Wannan gangaren shi ne theatron. Filin da ke ƙasa, inda ayarin mawaƙa ke taka rawa, sunansa dabam, orkestra, watau fagen rawa. Bukkar da 'yan wasa ke shiga su sake tufafi da fuskar aro ita ma sunanta dabam, skene. Abin da su ke yi kuwa drama ne, daga wata kalma mai ma'anar aikatawa, ita ce diramar nan da samarinmu ke faɗa yau. Daga baya aka sassaƙa mazaunin da dutse. Wanda ke Efidaurus, da aka gina a ƙarni na 4 kafin haihuwar Annabi Isa, yana nan har gobe. Sahu 55 ne, yana cin mutum wajen 14,000, ba shi da rufi, kuma ana yin wasa a cikinsa kowace shekara.

Bari in ɗan ratse in faɗi wani abu da ya shafe mu, mu masu koyon aikin malanta. Kullum malamanmu suna raba mana karatu gida biyu, su ce ga theory, ga kuma aikatawa a gaban aji. Ashe theory ɗin nan 'yar ɗaki ɗaya ce da theatre. Ita ma daga kallo ta fito, sai dai nata kallon na zuci ne. Na yi ta mamaki, sa'an nan na tuna da namu: nazari da mu ke faɗa daga Larabci ya ke, nazar, watau duba. Mu ma in mun fahimci abu mu kan ce, "Na gani."

Rumawa suka karɓi kalmar daga Girkawa suka ce theatrum. A shekara ta 55 kafin haihuwar Annabi Isa wani jarumin yaƙinsu, Pompi, ya gina na farko na dutse a birnin Rum. Suna da kuma wani iri mai kewaye, kamar an haɗa biyu baki da baki. Mafi girmansa shi ne Kolosiyum, wanda aka buɗe a shekara ta 80, inda dubban mutane ke zama suna kallon bayi da namun daji suna kashe juna. Kun ga tun daga nan kalmar ta fara jin ƙarnin jini. Daga harshen Rumawa ta bi ta Faransanci ta shiga Ingilishi a ƙarni na 14. A 1576 wani ɗan wasa, James Burbage, ya gina gidan wasa na katako a bayan birnin Landan, bai ko wahal da kansa wajen neman suna ba, ya ce masa The Theatre kurum. Da rigima ta haɗa iyalansa da mai filin, a ƙarshen 1598 suka kwance katakon, suka haye da shi kogin Tems, suka gina Globe a 1599, gidan da aka fara nuna da yawa daga wasannin Shakespeare da mu ke fama da su a aji.

Da kalmar ta zauna a Turai sai ta yi ta haihuwa. Duk abin da a ke shimfiɗa wa ido ya gani, sai a laƙaba masa ita. A 1570 wani mai suna Abraham Ortelius ya buga littafin taswirori a birnin Antwaf, wanda a ke cewa shi ne atalas na farko irin na zamani, ya sa masa suna da harshen Rumawa mai ma'anar mahangar duniya. Sojoji su ma suka ɗauka, suna kiran yankin da a ke gwabza yaƙi da ita. Kakanninmu da suka tafi Bama cikin runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, tsakanin 1943 da 1945, a takardun hafsoshinsu theatre aka kai su, ko da ya ke babu wanda ya dawo ya ce ya je kallo. Mu fagen fama mu ke cewa, fagen namu kuwa shi ma haka ya ke miƙewa: fagen dambe, fagen kokawa, fagen siyasa. Amurkawa suna kiran gidan silima da ita. Jami'o'i suna kiran ɗakin lacca mai hawa-hawa da ita, kamar namu ɗin nan.

Saura asibiti, wanda shi ne ya kawo ni. A ƙarni na 16 likitocin Italiya suka ga karatun jikin ɗan Adam daga littafi kaɗai ba ya isa, gani ya kori ji. Sai suka riƙa buɗe gawa a gaban ɗalibai. Amma ina mutum ɗari biyu za su tsaya su ga abin da ke kan tebur ɗaya? Dole a koma ga dabarar Girkawa. A jami'ar Faduwa aka gina ɗaki na katako mai siffar mazurari, hawa 6, tebur a can ƙasa, ɗalibai a tsaitsaye suna leƙowa. Aka buɗe shi a 1595, yana nan har yau. Malamin da ya sa aka gina shi, Fabirishiyus, shi ne ya koyar da William Harvey, Baturen Ingilan nan da ya bayyana wa duniya kewayawar jini a 1628, darasin da mu ke koya wa yara a ajin kiwon lafiya. Me za a kira ɗaki irin wannan? Mazaunin 'yan kallo ne sosai, saboda haka aka ce masa theatre, ba a kuwa yi ƙarya ba.

Daga kallon gawa aka koma kallon mai rai. A Landan akwai wani ɗaki da asibitin Sen Tomas ya gina a 1822 a cikin rufin wata coci, yanzu ya zama gidan tarihi. Tebur ne na katako a tsakiya, da akwatin dusar katako a ƙarƙashinsa don tsane jini, ga kuma matsayin ɗalibai hawa-hawa kewaye da shi kamar kofaton doki. A zamanin nan babu maganin sa barci. Ƙarti ke danne majinyaci, gwanin likita kuwa shi ne mai saurin hannu. Talakawa a kan kawo nan, a yi musu aiki, su kuma ladan da su ke biya shi ne a kalle su. Mai hali a gidansa a ke yi masa. Ranar 16 ga Oktoba, 1846, a birnin Boston na Amurka, aka shaƙa wa wani majinyaci ita, watau maganin sa barci, a gaban taron likitoci da ɗalibai, aka cire masa ƙari a wuya bai yi kururuwa ba. A 1867 kuma Joseph Lister ya bayyana yadda ya ke kashe ƙwayoyin cuta a miki da ruwan kabolik. Da aka tabbata ƙwayoyin nan suna bin hannu da tufafi da numfashin mutane, sannu a hankali sai aka kori 'yan kallo, aka fitar da bencinsu, aka rufe ƙofa. 'Yan kallo suka tafi, suna ya zauna. Ɗakin da aka raɗa wa suna don kallo ya zama ɗakin da ya fi kowane a asibiti hana kallo.

A wannan halin kalmar ta iso mu. Ba ta ƙofar makaranta ta shigo Hausa ba, ba kuma ta gidan wasa ba. Ta ƙofar asibiti ta shigo, zamanin mulkin Ingilishi, daga bakin likita da nas zuwa kunnen dangi masu zaman jira a baranda. Da ma a ce Amurkawa ne suka kafa mana asibitocin gwamnati, da wataƙila ba mu san ta ba sam, don su ɗakin aiki kurum su ke ce wa nasu. Bahaushe kuma bai tsaya inda Bature ya tsaya ba. Bature wurin ya ke nufi. Mu muka ɗora sunan a kan aikin kansa. Mu kan ce an yi wa wane tiyata, tiyatar ta yi kyau, likitan tiyata bai zo ba. Je ka faɗa wa Bature da harshensa an yi wa kawunka theatre, ka ga yadda zai dube ka. Wannan ma'ana a gidanmu aka haife ta. Muna kuwa bukatarta, domin kalmarmu ta gado, fiɗa, ta mahauta ce, akuya a ke feɗewa. Wa zai so a gaya masa gobe za a feɗe uwarsa? Aikin wanzami kuma, ƙaho da kaciya da cire belu, kowane da sunansa, babu wanda ya dace da buɗe ciki. Tiyata ta zo ta tarar da gurbi, ta zauna a ciki daram.

Ba ita kaɗai ta yi haka ba. Dubi waya. Da fari zaren ƙarfe ce, sa'an nan ta zama saƙon da ke bin zaren, yau ga ta a aljihun kowa babu zare ko kamu ɗaya, amma waya mu ke cewa. Ko akwai wanda zai tashi ya ce a daina, wai don asalin kalmar zare ne? Kalmar aro ba kamar tukunyar aro ba ce, da za a mayar wa mai ita yadda aka karɓa.

Yanzu bari in juyo ga abokan gardamata, domin suna da hujja, ba kuma zan ɓoye ta ba. Wani a cikinsu, wanda ya yi zama a Maraɗi, ya ce ai 'yan'uwanmu na Nijar suna kiran wasan kwaikwayo teyatur. Gaskiyarsa. Su daga Faransanci suka karɓa, wasa kuwa ya bunƙasa can ƙwarai a hannun ƙungiyoyin samariya zamanin Seyni Kountché, 1974 zuwa 1987, da gwanaye irin su Yazi Dogo. Abin sha'awa ne a ce kalma ɗaya ta Girkawa ta shigo harshe ɗaya ta ƙofa biyu, a can ta zama wasa, a nan ta zama wuƙa. Amma hujjar nan ni ta ke taimako. Faransawa ba su kiran ɗakin aikin asibiti da wannan suna a yau, saboda haka a can kalmar ta tarar da fili babu kowa. A nan kuwa an riga ta an shimfiɗa tabarma. Kuma teyatur ai ba tiyata ba ce, kunne ya san bambancinsu.

Wani kuma ya ce Turkawa tiyatro su ke cewa, ba su mutu ba. Haka ne, Larabawan Masar ma sun ce tiyatru a ƙarni na 19. Labarin Larabawa da wannan al'amari kuwa abin karatu ne ga duk mai fassara. A Bagadaza, wani masani mai suna Matta bin Yunus, wanda ya rasu a 940, ya juya littafin Aristo a kan fasahar waƙa zuwa Larabci. Ya iske Aristo yana ta zancen wasan ban tausayi da wasan ban dariya, shi kuwa bai san gidan wasa irin na Girkawa ba. Sai ya fassara na farko da madihu, watau yabo, na biyu da hija'i, watau zambo. Har babban malami Ibn Rushdi ya bi shi a kan haka. Da na karanta wannan na ɗan ji sanyi, na ce ashe ba ni ne farkon wanda gidan wasan Girkawa ya kayar wajen fassara ba. Amma dubi abin da suka yi daga baya. Bayan Marun Naƙƙash ya nuna wasa na farko irin na Turai da Larabci a gidansa a Bairut a 1847, an yi ta gwada kalmomi, daga ƙarshe aka zauna a kan tasu ta gida, masrah. Asalinta kuwa makiyaya ce, filin da a ke sakin dabbobi su yi kiwo. Yau babu Balaraben da zai ji masrah ya tuna da raƙumi.

Hujjarsu ta uku ita ce ta fi nauyi. Suka ce "wasan kwaikwayo" yana da wasa a ciki, dattawa kuwa da sun ji wasa sai su ce shiririta ce, su hana 'ya'yansu. Tiyata ta fi kwarjini. Na yarda akwai dattawa masu wannan ra'ayi. Amma Ingilishi ma da kalmar wasan yara su ke kiran abin da Shakespeare ya rubuta, Yarbawa su ma ere su ke cewa, watau wasa, bai kuwa hana Hubert Ogunde girma ba. Ni a ganina wanda ya fara haɗa wasa da kwaikwayo ya yi dace ƙwarai. Aristo da kansa a kan kwaikwayo ya kafa bayaninsa duka, ya kuma lura ɗan Adam da kwaikwayo ya ke fara koyon kome. Mun kuwa san abin tun ba mu ga Bature ba. Yara masu tashe da azumi suna kwaikwayon tsoho da gemu da malami da mai ciki, 'yan kama suna kwaikwayon malamai, matan fada suna wasan gauta suna kwaikwayon sarki da hakimansa, samarin ƙauye suna naɗa sarakunan wasa a kalankuwa. Da aka zo rubutawa, tun daga wasanni shida da Rupert East ya buga a shekarun 1930, zuwa Wasan Marafa na Abubakar Tunau a 1949, zuwa Zamanin Nan Namu na Shu'aibu Maƙarfi a 1959, wasa aka kira su. Kwarjinin da a ke nema a jikin tiyata kuwa, na ga irinsa a fuskar tsohuwar nan. Tsoro ne.

Abin da ke damuna a cikin wannan duka ba allon bakin ƙofa ba ne kaɗai. Mu ne za mu fita gobe mu tsaya tsakanin harshe biyu, yaro a gabanmu, uban yaro a bayanmu. An saba mana da jerin kalmomi a allo, Turanci a hagu, Hausa a dama, kowace kalma da kishiyarta guda, a haddace a rubuta a jarrabawa. Wannan jerin ne ya kayar da ni. Na san Turanci, na san Hausa, amma ban tsaya na tambayi kaina abin da mai goro zai ji in an karanta masa ba. Da na ba ko da masinjan makaranta takardar nan ya karanta kafin a buga, da ya tsai da ni, matambayi ba ya ɓata. In muka rubuta "Ɗakin Tiyata" a ƙofar ɗakin wasa na kwalejin horon malamai, mun koya wa kowane ɗalibi da zai bi ta ƙofar nan cewa daidai ne ya yi abin da na yi. Babban gidan wasa na ƙasa da ke Iganmu a Ikko, wanda aka gama a 1976 don bikin al'adun baƙar fata na 1977, wa zai iya buɗe baki a rediyo ya kira shi Tiyatar Ƙasa?

Inda na yarda muna da giɓi shi ne nan: wasan kwaikwayo sunan aiki ne, ba sunan wuri ba, "gidan wasan kwaikwayo" kuwa ya yi tsawo ga allo, bai kuma ɗauki laccar da mu ke yi da rana ba. Shi ya sa na kawo shawarar a rubuta "Dandali". Kalmar ma aro ce, daga Barebari, waɗanda ke kiran babban filin ƙofar fadar Shehu dandal, amma ta daɗe da zama 'yar gida. Dandali shi ne inda gari ke taruwa, waɗansu a tsakiya suna yi, waɗansu a kewaye suna kallo, ko kiɗa, ko dambe, ko shela, ko wa'azi. Wannan kuwa shi ne ainihin abin da Girkawa suka nufa. An ce mini dandali ba shi da rufi. To, na Efidaurus yana da shi? An ce kuma dandali wurin gaɗar 'yan mata ne, bai kamaci ɗakin lacca ba. In makiyayar raƙuma ta iya zama gidan wasa a Alƙahira, ban ga abin da zai hana dandali ɗaukar lacca ba. In kuwa jama'a sun ƙi shi, a rubuta "Babban Zaure", ba zan ce uffan ba, don a zaure kakanninmu suka yi karatu.

Ranar Asabar mai zuwa za a yi zama na huɗu, a jefa ƙuri'a. Kafin ranar ina roƙon masu son tiyata abu ɗaya. Su sauka unguwar Hausawa ta garin nan, su tsaya a bakin masallacin Juma'a ko a rumfar masu goro, su tare mutum goma, maza da mata, su ce da kowane, "Gobe za mu kai ɗanka tiyata." In biyu daga cikin goman nan suka tambaye su wane wasa za a nuna, ni da kuɗina zan sayi fenti, in kuma riƙe wa mai rubutun tsani.